Sandar da Aka Jingine a Bakin Tafki

Da safiyar Lahadi aka bugo wa 'yan sandan garin Deloraine waya cewa ruwa ya ci mutum a Tafkin Merrin, can saman duwatsu. Insfekta Noreen Triffett ta bar shayinta ko kurɓa ba ta yi ba, ta ɗauki Saja Pratt suka kama hanya. Kwalta ta ƙare suka hau burji, burji ya ƙare suka bi sawun taya.

Noreen ba ta yarda da masu kamun kifi ba, kuma tana da dalilinta. Shekara ashirin da ɗoriya tana auren ɗaya daga cikinsu, tana tsince ƙugiyoyi daga aljihun kayan wanki, tana jin labarin ƙaton da ya kuɓuce. A ganinta, mutumin da zai kalli idon matarsa ya ƙara wa kifi taƙi guda, babu abin da ba zai iya gaya wa ɗan sanda ba.

Sun tarar da tanti biyu, da mota ɗaya, da murhun duwatsu da ya mutu. Wani tsohon kare ja yana kwance a ƙofar tanti, ko haushi bai yi ba.

Mutum uku ne suka hawo ran Juma'a kamun kifin tirawut. Merv Febey, tsohon direban motar katako, shi ne yanzu ke kwance a bakin ruwa an lulluɓe shi da bargo. Sai surukinsa Troy Hanlon, mijin 'yarsa, wanda ya jawo gawar. Na ukun shi ne Des Bessell, aminin Merv tun suna 'yan firamare.

Pratt ya ɗaga bargon ya duba. Wandon robar nan na shiga ruwa, mai kaiwa har ƙirji, ya cika taf. Ya ce ai magana ta ƙare, santsi ne ya kwashe dattijon a kan dutse, wandon ya sha ruwa ya ja shi ƙasa. Kusan duk shekara sai an samu irin wannan.

Noreen kuwa ta waiga gefe. Idonta na kan sandar fatsar Merv, wadda ke jingine a jikin wani kututture, nesa kaɗan da ruwa. An naɗe zarenta tsaf a kan ƙarfen naɗinsa, kuma babu ƙugiya a bakin zaren. Ta kama ƙarshen ta duba. Ba tsinkewa ya yi ba, yanka ne na almakashi.

"Saja, idan santsi ya kwashe ka, kana tsayawa ka naɗe zare ka jingine sanda kafin ka nutse?"

Pratt ya sosa ƙeya. Ta tambayi mutanen biyu ko akwai wanda ya taɓa sandar, duka suka ce haka suka gan ta.

Ta fara da Des. Dattijo ne siriri mai sanyin murya, sanye da tsohuwar malafa da aka zagaye da ƙyallen fatar tunkiya. Ya ce rabonsa da Merv tun wurin karin kumallo. Merv ya gangara tafki, shi kuma ya haura rafin da ke bayan tudu, can ya yi safiyarsa har ihun Troy ya sauko da shi.

Ta tambaye shi wace irin ƙugiya Merv ke amfani da ita. A wannan tafki doka ta hana sa wa kifi abinci a ƙugiya, sai dai ƙuda, wato ƙwaron ƙarya da ake ɗaurawa da gashi da zare. Des ya yi ɗan murmushi mai kama da kuka. Ya nuna karen nan, ya ce Merv daga jelar Biskit yake tsige gashi ya ɗaura ƙudansa da hannunsa, kuma ya fi rowarsu fiye da komai a duniya.

"Shekara hamsin muna tare, Insfekta, ko ɗaya bai taɓa ba ni ba. In na roƙa sai ya ce in je in sayi nawa karen."

Daga nan ya kalli wajen Troy, ya sunkuyar da kai irin na wanda ba ya son magana amma yana jira a matsa masa. Noreen ta matsa masa. Ya ce ba ya son ɗaukar alhakin yaron, amma jiya da yamma an yi cacar baki. Troy ya samu aikin haƙar ma'adinai can nesa a jihar Queensland, zai kwashe matarsa Kylie da yaransu biyu. Merv ya ce sai dai bayan ransa. Troy kuwa ya ce to ai ba za a daɗe ana jira ba.

Troy bai musa ba. Ya ce baƙar magana ce ta fushi, kuma duk safiyar yana cikin tanti yana barci, da ya tashi ne ya hango abu yana yawo a ruwa.

Noreen ta leƙa tantinsa. Jakar barcinsa a naɗe take, sanyi ƙalau. A bayan tantin ta ga wasu takalma jage-jage da baƙar laka, alhali inda ya jawo gawar tsakuwa ce zalla.

Pratt ya riga ya zaro ankwa. Ya ja ta gefe ya ce biri ya yi kama da mutum: ga faɗa, ga barazana, ga ƙarya. A lokacin kuma wayarsa ta mota ta yi ƙara, daga ofis aka ce Kylie na zaune a can, an gaya mata rasuwar mahaifinta, tana tambayar yaushe mijinta zai sauko.

Wannan ya tsaya wa Noreen a rai. Idan suka sauka da Troy cikin ankwa, matar nan ta rasa uba da miji a yini guda, kuma ko daga baya an wanke shi, a gari irin nasu tabon ba ya gogewa. Ta ce wa Pratt ya mayar da ankwarsa aljihu tukuna.

Ta ajiye takalman a gaban Troy. Ya kalle su, ya kalli Des da ke can nesa, fuskarsa ta yi ja. Sannan ya zura hannu ƙarƙashin kujerar mota ya fito da gwangwanin wake. Cike yake da tana.

"Kwana biyu ban kama ko ɗan tsako ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Baba Merv yana ta yi mini dariya. Sai na zaga can ƙarshen tafkin, wajen fadama, inda ba za a gan ni ba. Don Allah kada ki gaya wa Des."

Noreen ta kusa yin dariya. Ana zarginsa da kisan kai, shi kuma abin da ke damunsa kada a san ya yi kamu da tana. Wannan irin wautar ta san ta daga gida, kuma da wuya mutum ya ƙirƙire ta. Ta aika Pratt fadamar, ya dawo yana tsaki da laka har gwiwa, ya ce ga sawun Troy nan birjik da ramukan da ya tona.

Amma Pratt bai saki ba. Ya ce mai tonon tana ma yana iya tura surukinsa a ruwa a kan hanyar dawowa. Noreen ta san da gaskiyarsa. Tana buƙatar abin da ya fi gwangwani.

Ta ce a hura wuta a dafa shayi, kowa ya sha sanyi. Des ya yi zumbur zai ɗauko madara a kula, akwatin ƙanƙararsu, ta ce ya zauna abinsa, ita za ta ɗauko. Saurin tashin nan nasa ne bai yi mata ba.

A cikin kular, ƙarƙashin ƙanƙara da gwangwanayen giya, akwai wani abu naɗe da jiƙaƙƙen tawul. Ta warware. Tirawut ne wanda tsawonsa ya kai hannun mutum, mai ɗigo-ɗigon ja a jiki, leɓensa na ƙasa ya lanƙwashe don tsufa. Ko mijinta, duk da ƙaryarsa, bai taɓa da'awar irinsa ba.

Des ya ce nasa ne, a wani gurbi mai zurfi na rafin ya kama shi. Ya ɓoye ne saboda bai dace mutum ya yi ta nuna kifi ba ranar da amininsa ya mutu. Maganar ta yi ma'ana. Sai dai yana faɗa idonsa na kan kifin, kuma ba baƙin ciki ne a idon ba.

Noreen ta karɓi wuƙar Pratt ta ɗan tsaga bayan kifin. Naman ja ne jawur kamar cikin gwanda. Ta soya kifin mijinta har ta gaji, ta san na rafi fari ne, na tafki ne ke yin ja saboda ƙananan jatan landen da yake ci.

Des ya ɗaga kafaɗa. Ya ce kifin tafki kan haura rafi, kowa ya san haka. Wannan ma gaskiya ne, Pratt har ya fara gyaɗa kai.

Ta zauna a kan kular tana fuskantarsa, tana juya shayinta. Rana ta fito sosai yanzu, ta haske malafarsa. Ƙudaje sun fi goma a soke a jikin fatar tunkiyar, kamar yadda masu fatsa ke yi: da zarar sun cire ƙuda daga bakin kifi sai su soke shi a hula ya bushe, hannu ne ke yi ba tare da ya nemi shawarar kai ba. Duk na Des baƙaƙe ne da ruwan toka, irin na kanti. Guda ɗaya ne kawai ja.

"Des, ara mini malafarka."

Ya miƙa mata yana mamaki. Ta zare jan ƙudan, ta matsa shi tsakanin yatsu. Da sauran danshi, kuma da ɗan guntun zare a hancinsa, yankan almakashi. Ta kira Biskit, karen ya taso da ƙyar. Ta ɗora ƙudan a kan jelarsa, ba ka iya bambanta gashin.

"Kai da bakinka ka ce shekara hamsin bai taɓa ba ka ko ɗaya ba. Yau da safe ya fara kyauta?"

Des ya kai hannu kansa inda malafar take, ya shafa furfurarsa. Sabo turken wawa, ya naɗe zare, ya jingine sanda, ya soke ƙuda, duk bai san ya yi ba.

Da ya fara magana, kamar da ruwan yake yi. Ya ce shekara uku yana bibiyar kifin nan a ƙarƙashin wani dutse, ya san lokacin fitowarsa, ya san abin da yake ci. Bai gaya wa kowa ba sai Merv, jiya, bayan gwangwani na uku. Da safe ya haura rafi, zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya juyo. Ya tarar da Merv tsaye a kan dutsen nasa, sanda ta lanƙwashe, yana ƙyalƙyala dariya.

Haka Merv yake tun suna yara, in ji shi. Keken da Des ya yi tari don ya saya, Merv ya riga shi. Yarinyar da Des ya fara rakawa gida daga rawa, ita ce ta zama uwar Kylie. Kullum da dariya yake yi, kullum sai ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu.

"Ya ce mini, 'Kawo raga, mutumina, ka taya ni fito da kifinka.' Sandar kawai na fizge. Wallahi sandar kawai. Sai ƙafarsa ta zame."

"Yana da nisa da kai?"

"A'a. Da na miƙa masa gindin sandar, da ya kama."

"Me ya hana ka?"

Des ya kalli tafin hannuwansa. "Kifin yana ja. Na ce bari in ɗan rage masa ƙarfi, yanzun nan zan juyo. Ya kira sunana sau biyu. Da na fito da kifin na waiwaya, ruwan ya kwanta."

Troy ya yunƙura, Pratt ya tare shi da ƙirji. Noreen ta ga kisa iri-iri a aikin nan, amma ba ta taɓa ganin wanda aka yi da hannu biyu a kan sandar fatsa ba. Ta tuna kuma yadda mutumin nan ya sunkuyar da kai ɗazu yana miƙa mata mijin Kylie.

Ta ba Troy makullin motar da suka hawo da ita ran Juma'a, ta ce ya ɗauki karen ya sauka wurin matarsa, gobe ya zo ya ba da bayani. Maganar tana kuwa, ba ta ga komai ba.

Ankwar da Pratt ya zaro don Troy ita ya sa wa Des. Dattijon bai yi gardama ba. Sai da suka kai ƙofar mota ya tsaya, ya waiwaya wajen kular.

"Insfekta, za a auna shi kafin ya lalace?"

Noreen ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Za a auna," ta ce. "Ƙudan Merv ne, sandar Merv ce. Da sunansa za a rubuta."

Sai a lokacin Des ya fashe da kuka. Pratt ya danna kansa ƙasa ya tura shi cikin mota.