Ankon Bikinmu

"Ki haɗa kayanki, Madina. Taksi na jira a ƙofa."

Yaya Bashir ko zama bai yi ba. Yana tsaye a tsakar gidanmu, rana ta fara zafi.

"Yaya, jiya fa aka sallamo shi daga asibiti..."

"Na sani. Ni na ɗauko shi daga ƙarƙashin keken ɗinki yana kumfa, ko kin manta? Duk layin teloli na Babbar Kasuwa sun gani. Baba ya ce ba zai bar 'yarsa a hannun ɗan tramol ba."

Mijina Harouna yana zaune a kan tabarma, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi don kada a ga suna rawa. Mutumin da yake zura zare a allura yana hira, yau kofin ruwa ma sai na riƙe masa.

Yaya ya juya gare shi. "Kai dai faɗa min, wa ya koya maka wannan masifa?"

"Abokai ne a kasuwa," in ji Harouna, kansa a ƙasa.

Haka ya gaya wa Baba, haka ya gaya wa lokotoro, likitar da ta duba shi a asibiti. Duk lokacin da ya faɗa na san ƙarya yake yi, kuma saboda ni yake yin ta.

Shekara biyu ke nan. Bikinmu saura kwana tara atamfar anko ta iso, ta mata arba'in da biyu, dangina da nasa. Harouna, da yake kirana sheri, wato masoyiya, ya ce, "Sheri, mu raba wa wasu teloli, hannu ɗaya ba zai iya ba." Ni kuwa na kafe. Angona tela, a ce wani ya ɗinka ankon bikina? Me ƙawayena za su ce? Na yi fushi, na kashe salula kwana guda, har ya ce to, ya ji.

A rana ta huɗu na kai masa abinci shago, na same shi yana barci, goshinsa a kan keke, riga goma sha ɗaya kawai ya gama. Wallahi ba tausayinsa na ji ba, haushi na ji.

A hanyar gida na bi ta kasuwar Petit Marché sayen cefane, na ci karo da mai tallar magani a faranti. Na ce ina son maganin gajiya. Ya miƙo min katin ƙwayoyi guda, ya ce shi 'yan dako ke sha, mutum ya yini yana aiki bai san ya yi ba. Na daka ƙwaya biyu, na zuba a termos ɗin kafe da yake sha in yana aiki, na kai wa Harouna. Ban gaya masa ba. Haka na yi kwana biyar a jere.

Ya gama anko ana gobe ɗaurin aure. Mata suka yi ta yaba hannunsa, ni ina ta fiffika.

Bayan biki da mako guda na ba shi labari ina dariya, shi ma ya yi dariya. Da ɗinkin ƙaramar Sallah ya matso sai ya tambaye ni sunan ƙwayar. Sai babbar Sallah. Daga nan ba ya jiran Sallah, kowace safiya ne. Biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama ban san iyaka ba. Ya rame, ya daina cin abinci, ɗan abu kaɗan sai faɗa, sai kuma ya dawo yana ba ni haƙuri da hawaye.

Lokotoron da ta duba shi ta zaunar da ni ta ce, "Ba lalacewar hali ba ce kawai, jiki ne ya saba. Da farko yana sha don ya yi aiki, yanzu yana sha don ya iya miƙewa tsaye. Kada ku yanke masa lokaci ɗaya a gida. Ki kawo shi gobe ƙarfe goma mu fara rage masa, kuma sai da wani nasa a kusa da shi." Da ta tambayi yadda aka fara, takalmina na tsaya kallo.

"Madina, ba da ke nake magana ba?" Muryar Yaya ce ta dawo da ni.

Kafin in amsa muka ji sallama. Inna Halimatou ce, mahaifiyar Harouna, daga tashar motar Tahoua take. Na ɗaga ido na dube ta. Ankon bikinmu ne a jikinta, shuɗin nan mai ganye. Shi ne kayanta na fita.

Ta dubi ɗanta ta daɗe. Sai ta ajiye jaka, ta zo gabana, tsohuwa da ita, ta durƙusa.

"Inna, don Allah ki tashi..."

"Bar ni, 'yata. Na ba ki ɗa ina cewa na yi tarbiyya, ashe ban yi ba. Ki yafe min. In gidanku za ki tafi, ba wanda zai ga laifinki."

Ta kama ƙafata tana kuka. A nan ne na kasa jurewa.

"Ni ce, Inna."

"Madina, yi shiru," in ji Harouna da sauri.

"Ba zan yi ba. Shekara biyu kana ɗauke min laifina, ya isa." Na durƙusa ni ma, na kama hannun rigarta. "Rigar nan da ke jikinki, Inna, da tramol aka ɗinka ta. Ni na saya, ni na daka, ni na zuba masa a kafe bai sani ba. Don kawai kada ƙawayena su yi min dariya."

Yaya Bashir ya nemi kujera ya zauna.

"Ita ta ba ni kwana biyar," in ji Harouna a hankali. "Sauran ni na saya da ƙafata. Kada ku ɗora mata duka."

"Kai kuwa me ya hana ka faɗa?" Yaya ya tambaya, muryarsa ta sauka.

"Matata ce, Yaya. In na faɗa, da wane ido Inna za ta dube ta?"

Inna ta saki ƙafata. Ta shafa ɗinkin wuyan rigar da yatsa.

"Shekara biyu ina sa ta, ina nuna wa matan Tahoua hannun ɗana." Ta share ido da gefen mayafi. "Ba zan miki ƙarya ba, Madina, zuciyata ba ta yafe ba tukuna. Me lokotoro ta ce?"

"Yau ƙarfe goma, Inna."

Ta dubi Yaya. "Bashir, taksin da ka kawo yana nan?"

"Yana nan, Inna." Ya miƙe, ya kama Harouna ta kafaɗa ɗaya, ya ce min, "Zo ki kama ɗayar. Baba kuma ke za ki gaya masa da bakinki."

"Zan gaya masa."

Muna fita Harouna ya raɗa min, "Ba za ki tafi ba ke nan, sheri?"

"Ina zan je in bar ka?"

Na juya zan ja ƙofa sai na ga Inna ta shiga kicin. Ta fito da termos ɗin nan, ta saka a jakarta ba tare da ta dube ni ba.

"Daga yau shayinsa ni zan dafa."

Wata bakwai ke nan. Harouna ya koma kan keke, rabin yini yake yi, wata rana da sauƙi, wata rana sai mun riƙe shi. Inna tana nan tare da mu. Ta koma kirana 'yata, muna cin tuwo a kwano ɗaya, har wasa take yi min. Amma kowace safiya ita ke dafa masa shayi, ni kuma ina tsaye a bakin kicin ina miƙa mata sukari. Har yau ban tambaye ta termos ɗin ba.