Ƙusar da ke Jikin Gawo

Rakiya tana kwashe tuwo da almuru dutsen farko ya faɗo tsakar gida. Ta ɗauka katanga ce ke zuba. Na biyu ya sauka cikin ƙwaryar da ke hannunta, da ɗuminsa, kamar daga murhu aka ciro shi. Ta leƙa waje. Ba kowa, sai karan gero tsaye cikin gonaki, ko ganye ba ya motsi.

Wata biyu ke nan da aka sallamo mijinta Isa daga asibitin Yamai bayan aikin zuciya. An ɗaura masa agogo mai ƙirga bugun zuciya, agogon ya ba salularsa, salular ta tura wa majo Zalihatu, ma'aikaciyar jinyar da ke lura da shi daga Dogon Dutsi. Ita ta tsara masa tafiyar rabin awa kowace yamma. Ƙauyen nasu kuwa yana bayan Gesheme, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga sai wajen tudu, ya fi ƙarfi a gindin wani tsohon gawo da ke kansa. Can Isa ke zuwa ya rataye salular, ya huta har saƙo ya tafi.

Washegarin jifan ya ɗauki sandarsa zai fita. Yana isa bakin zaure ƙafafunsa suka ƙage. Da ya ja baya suka saku. Ya sake gwadawa har zufa ta jiƙe masa riga, sannan ya koma ya zauna.

Haka suka kwana takwas. Rana na faɗuwa duwatsu su fara, daga cikin bangon ɗaki kuma a ji kukan yara ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya gaji da kira. Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta. Ƙafafun Isa suka kumbura, numfashinsa ya gajarce. Rakiya ta kai salular tudu da tsakar rana, majo ta kira nan take. Ta ce ta ga shiru ta damu, kuma zaman nan wuri ɗaya zai iya mayar da shi asibiti, ko abin da ya fi haka. Rakiya ta rasa bakin da za ta faɗa mata abin da ya hana shi fita.

Ran na tara ɗiyarsu Mardiyya ta faɗi a bakin randa. Da ta buɗe ido, ba ita ke kallonsu ba.

Aka ɗauko Malam Abdulwahabu daga Tibiri a kan babur. Ya yi alwala, ya zauna kusa da kanta, ya daɗe yana karatu. Can yarinyar ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Tambayi maigida mi ya kahwa a ƙohwar ɗakina."

Nan Isa ya tuna. Ƙusa ce ya buga a jikin gawon don rataye salula.

"Ɗiyana ukku na ciki," in ji muryar. "Na tahi neman abinci, na dawo na iske an rufe. Ina jin su, ba ni iya kai musu ko ruwa. Shi ma ya ɗanɗana."

Ta nemi baƙin bunsuru. Malam ya ce jini ba zai zuba don kowa ba sai Allah, ya kuma tuna mata cewa mutumin bai sani ba, yarinyar nan kuwa ba ta yi mata komai ba. Suka daɗe suna ja. Daga ƙarshe ta yarda da abu ɗaya: wanda ya buga ya cire da hannunsa kafin rana ta faɗi, ita kuma ta fita ba dawowa.

Zauren ya sake shi. Rakiya ta riƙe masa hannu, salular a ɗaya hannunta. Tafiyar da ya saba yi cikin sauƙi ta zame masa kamar ta Makka. Suna isa gindin tudu salular ta yi ƙara. Majo ce, alƙaluman sun iso mata, kuma ba su yi mata daɗi ba. Ta ce ya zauna. Rakiya ta dubi rana, saura kamu ɗaya ta taɓa ƙasa.

"Majo, dole ne mu hau."

Majo ba ta tambayi dalili ba. Ta ce to, taki goma, ya tsaya, sai ta ce ya ci gaba. Da haka suka hau, tana ƙirga masa daga nesa.

Ƙusar ta yi tsatsa, itacen ya rungume ta. Isa ya yi ta girgiza ta har yatsunsa suka fashe. Da ta fito, wata iska mai sanyi ta bi ta tsakaninsu ta gangara gona, tana kaɗa kara wuri uku.

A gida suka tarar da Mardiyya zaune, tana shan ruwa daga hannun malam, tana tambayar ina innarta. Rakiya ta rungume ta. Isa bai shiga ba, ya zauna a dakalin zaure yana haki. Da Rakiya ta fito masa da fitila ta ga hawaye a gemunsa.

"Ni kwana tara na yi, na ce mutuwa zan yi," ya ce. "Su wata biyu, Rakiya."