Fassarar da Fiddausi ta yi a Tibiri

"Ke nan fim ya fi ni daraja a wurinki?" in ji Mudassir, yana jingine da motonshi mai taya biyu a gindin bedin da ke bakin lakol, makarantar ƙauyen Gidan Sori.

Fiddausi ta kife wayarta a cinya. Yara sun tashi tuntuni, alli ma bai fita daga yatsunta ba.

"Ba fim ba ne, Yaya Mudassir. Maganar da ka zo da ita ce."

"Inna ta ce matan gidanmu ba su fita aiki. Ki yi haƙuri, rabin raina... in an kwana biyu zan lallashe ta."

"In ba ta lallasu ba fa?"

Ya kau da kai. Shi ne autan Hajiya Barira, kuma kowa a Tibiri ya san babban gidansu, inda 'ya'ya maza ke zama da iyalinsu a inuwar uwa.

Bayan tafiyarshi ta sake ɗaukar wayar. Fina-finan Japan ne abokan hirarta tun da aka turo ta koyarwa ƙauyen nan. Tana son ƙofofinsu na takarda da ake turawa gefe, da furanni ruwan hoda da ke zubowa daga itatuwa kamar yayyafi. Wani lokaci sai ta ga kanta tana tafiya ƙarƙashin itatuwan, Mudassir na riƙe mata lema. Amma wanda take kallo yanzu ya hana ta sukuni: wata malamar makaranta ce ta auri ɗan masu arziki, suka raba ta da ajinta, kullum tana durƙushe tana zuba ma surukarta shayi.

Ana cikin haka Rahina, yayar Mudassir kuma aminiyarta tun suna lakol, ta haihu a gidansu. Ba yadda Fiddausi ta iya, ta ja gyale ta tafi suna.

Da la'asar, baƙi sun ragu, matan gida suka taru a ɗakin mai jego. Rahina ta kunna talabijin, sai ga fim ɗin nan.

"Fiddo ce ta koya mani kallonshi," ta ce tana dariya. "Ni jego ya hana idona bin rubutun Faransancin da ke ƙasan hoton. Zo ki fassara mana."

Fiddausi ta fara, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta ankara ba Hajiya Barira ta shigo ta zauna bisa darduma, carbi a hannu. Fiddausi ta so ta tashi, amma tashi ya fi zama kunya.

A cikin hoton, amaryar ta sunkuya gaban surukarta.

"Tana cewa... Uwa, ina son ɗanki. Ban shigo gidan nan don in raba ku ba." Fiddausi ta ci gaba. "Tana cewa, akwai yaran da ke jirana kowace safiya. Akwai wadda ta fara rubuta sunanta a hannuna, ta ruga ta nuna ma uwarta a bakin rijiya. In na bar su, ban san wa zai zo ba. In na bar ɗanki kuma... ban san yadda zan yi da raina ba."



"Ɗiyata," in ji Hajiya Barira a hankali, "yarinyar nan ta rufe bakinta tuntuni. Kuma ban ga rijiya a garinsu ba."

Fiddausi ta rufe fuska da gyale, hawaye suka ɓalle mata.

"Ku ba mu wuri," Hajiya ta ce ma sauran. Da suka fita ta matso kusa. "Me tsohuwar ta ce mata?"

"Ba ta yarda ba, Hajiya. Ta ce sunan gidansu zai zube."

"Ni ba sunan gida nike tsoro ba." Ta aje carbin. "Rahina ta taɓa ba ki labarin Zaituna?"

"Ta ce yayarsu ce, ta rasu."

"Ungozoma ce a Sae Sabuwa. Ni na tsaya mata ta yi karatu, ni na tsaya mata ta yi aiki. Kullum bisa moto, tafi da dawo. Wata safiyar damina ta fita da ɗumamen da na ƙulle mata... moto ya kayar da ita, a hanya aka tsince ta." Muryarta ta karye. "Tun ranar na ce ba wata ɗiyar gidan nan da zan sake rakawa bakin ƙofa da safe."

Fiddausi ta dube ta. Ta daɗe tana ɗaukar matar nan kamar tsohuwar cikin fim, mai taurin zuciya. Sai kawai ta kama hannunta, suka yi ta kuka tare.

Da Mudassir ya shigo gaida uwarshi, ya tarar da su haka, ya tsaya turus.

"Auta," in ji Hajiya tana share ido, "aikinka na malamin dabbobi, ana yin shi a Gidan Sori?"

"Ko'ina akwai garke, Inna."

"To ka nemi gida can, kusa da lakol, inda za ta taka da ƙafarta."

"Inna... ke fa? Wa zai zauna da ke?"

"Na ce ka nema."

An ɗaura aure cikin babban hutu, amarya ta tare a Tibiri. Da hutu ya ƙare, aka ɗora kayansu a mota. Hajiya ta sa masu albarka a zaure, ta juya da sauri ta shige ciki, ko waiwaye ba ta yi ba.

Har direba ya tada mota Fiddausi ta ce a dakata. Ta sauka, ta bi ta. A ɗakin Mudassir ta same ta, zaune bakin gadon da ba kowa, tana shafa tabarmar sallarshi.

"Inna," ta ce, karon farko da ta kira ta haka. "Na ɗauke maki shi."

"Ni na ba ki."

"Duk ƙarshen mako muna nan. Wallahi muna nan."

Hajiya ta jawo ta jikinta, tana murmushi cikin hawaye.

"Ku zo, ɗiyata. Amma a mota... kar in ga ɗayanku bisa moto. Tashi ki tafi, mijinki na jira."