Firijon Yaya Tabawa

"Lawali, wa ya ba ka katina?"

Yaya Tabawa ce ke tambayata a tsakar gida, ga mai butik, wato mai kanti, tsaye a zaure riƙe da takarda. Ita ta raine ni tun rasuwar innarmu, da kuɗin ƙanƙara da zoɓo. Firijon da ke ɗakinta shi ne gonarta. Ni kuwa, ƙaton banza, shi na rubuta a matsayin jingina.

Lefen Sakina ne ya ja. Yarinyar da kanta ta ce mini turmi biyu sun ishe ta, amma ni ina son a yi zancen aurena a unguwa. Mai butik ya ce in ɗauki akwati da turmi takwas, in riƙa biyan jika goma sha biyar na sefa duk wata, in dai akwai mai tsaya mini. Sai na zare katin shaidar Yaya daga ƙarƙashin katifa, na sa hannu a madadinta. Na ce a raina ai Djado za ni haƙar zinariya, kafin ta ji labari na biya.

Ciwon tari kawai na kawo daga Djado. Wata uku ban biya ko dala ba, shi ne mutumin ya zo ɗaukar firijo.

Na kasa ɗaga kai in dubi Yaya. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi...

Ba a jima ba sai ga Sakina a kan kabu-kabu, akwatin a cinyarta, labari ya riga ya kai gidansu. Ta durƙusa ta gaida Yaya, ta buɗe shi gaban mai butik. Turmi biyar suna nan da takardarsu. Uku tela ya riga ya sa musu almakashi, su kam ba sa komawa.

"Sakina, masoyiyata, kayan aurenki ne fa..." na faɗa.

"In ɗaura zane, Yaya ta rasa abin kai wa bakinta? Kai nake so, Lawali, amma yau ka ba ni kunya."

Mai butik ya lissafa, ya karɓi biyar ɗin da akwatin, ya ce saura jika arba'in. Yaya ta ce ya bar mata firijonta, ita za ta riƙa biya daga ƙanƙara, kaɗan-kaɗan. Na rantse ni zan biya, ko da dakon albasar Tabelot zan yi a tasha. Ba ta ko dube ni ba.

Sai da kowa ya watse ta zauna bakin ƙofa, tana ɗaure ledojin zoɓo, hawaye na sauka a hannunta.

"Ba firijon ne ya ƙona mini rai ba," ta ce a hankali. "Shekara biyu ina zubin adashe saboda lefen nan, wata mai zuwa zan ɗauka. Da ka tambaye ni kawai, ƙanena."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na ɗauki leda na shiga taya ta ɗauri.