Bokan da Ya Yi wa Bagaruwa Ƙazafi

Akwai bokan da ya yi wa bishiya ƙazafi. Ba zan kama suna ba, ya san kansa!

A wani gari can da, bokan nan yakan dafa 'ya'yan bagaruwa ya wanke wa mutane gyambo. Ruwan nan mai bauri yana kashe ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da ciwo, kamar yadda yake hana fata ruɓewa a majema. Amma shi sai ya ce sirrin kakanninsa ne.

Wata tsohuwa ta sunsuna ruwan ta ce, "Sarkin magani, wannan ba bagaruwar bayan gari ba ce?"

Ya ce, "Kul, Iya! Aljani ke kanta. Duk wanda ya taɓa ta, ya mutu."

Ya faɗa yau, ya faɗa gobe. Mutane suka tsorata, suka taru suka banka wa bagaruwar wuta.

Ba a yi wata ba, ƙaya ta soke ƙafar boka. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Ya ɗingisa zuwa bayan gari, ya tarar da toka.

Tsohuwa ta ce, "Sannu, Sarkin magani. Mun raba ka da aljanin, ko godiya babu?"

To, wa ya ƙone bishiyar nan in ba bakinsa ba? Mai musu ya ɗaga hannu in gan shi!