Tayi Na Uku

"Ba za ki ko ɗago ki dube ni ba?"

"In na dube ka man zai ƙone, Wendell."

"To ya ƙone mana!"

Marit ba ta bari ya ƙone ba. Ta ci gaba da juya man shanu da sukari da baƙar zumar rake a cikin tukunya, ta barbaɗa garin citta da kirfa da kanumfari, ƙamshi ya cika kicin ɗin. Wendell na tsaye a bakin ƙofa, dusar ƙanƙara na narkewa daga takalmansa a kan daɓen da ta goge da safe. A waje motarsa na kunne, an ɗaure kayansa kaf a bayanta.

An ba shi aiki a wani asibitin dabbobi can jihar New Mexico mai nisa, zai kama bayan sabuwar shekara. Zobensa na yatsanta tun bazara. Babu abin da ya hana ta shiga motar nan sai mutum ɗaya, shi kuwa yana falo a kan kujerarsa, yana yin kamar yana kallon labarin yanayi.

Baba Arvid, mahaifinta, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye shekarar da mahaifiyarta ta rasu. Ita ke yi masa wanka, ita ke ɗaura masa takalmi, ita ke yanka masa nama. Yayanta Gunnar da ke birni ya gyara wa tsohon ɗaki a gidansa, har da ƙarfen riƙewa a banɗaki. Baba ya je ya ga ɗakin, ya yaba fentin, ya ce a mai da shi gona.

"Masoyiyata," Wendell ya sassauta murya, "da bakinsa fa Baba ya ce ki tafi. Ina wurin!"

"Sau biyu ya faɗa."

"Wayyo Allah... mun dawo lissafin nan!"

Mun dawo kuwa. A wannan yanki namu na jihar Minnesota, a arewacin Amurka, ba a karɓar tayin farko. Ko kofi aka yi maka tayi, ƙishi na neman kashe ka, sai ka ce a'a, kada a wahala. A sake yi, ka ce wallahi yanzu ka sha. Sai an yi na uku kake miƙa hannu, don shi ne na gaskiya, sauran biyun gaisuwa ce kawai. Wendell ɗan jihar Louisiana ne, can kudu, inda in an ce ka ci sai ka ci. Lahadinsa ta farko a garin, matan coci suka yi masa tayin kek sau ɗaya, ya ɗauki yanka biyu. Har yau ba su gama maganar ba.

Baba ya ce mata ta tafi ranar da aka sa zobe. Ya sake faɗa ranar bikin godiya na shekara-shekara, yana kallon talotalon da ke faranti. Duka biyun ta ce, "A'a Baba, ina zan je in bar ka?" kamar yadda kowace 'ya mai tarbiyya za ta ce. Tun daga nan take jiran na uku. Ko tari ya yi sai ta kasa kunne.

Ta juye haɗin mai zafi a kan babban kwanon da ta cika da hatsin kwali na karin kumallo da gyaɗa, ta gauraya a hankali don kada ya farfashe, ta baza a faranti ta tura cikin oben, murhun gashi. Wuta kaɗan yake so, da juyi akai-akai. Haka mahaifiyarta ke yi kowace Kirsimeti, a cika gwangwanaye a raba wa maƙwabta, su kuma su ƙi karɓa sau biyu a bakin ƙofa cikin sanyin da ke tsinke kunne.

"Wa ke zubo min ruwa a daɓe?" muryar Baba ta fito daga falo, a karkace amma da ƙarfinta. "Likitan shanu ne?"

"Ni ne, Baba."

"Ka bar mota a kunne. A garinku kyauta ake ba da mai?"

Wendell ya dubi Marit. Ta gane abin da zai yi tun kafin ya ɗaga ƙafa.

"Kada ka yi... Wendell, don Allah, ba a yin haka!"

Ya wuce ta. Ta bi shi da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin falo.

Ya durƙusa a gaban kujerar tsohon, ya cire hularsa.

"Baba, yau zan kama hanya."

"Na gani. Ka bi ta babban titi, ƙaramin ba a share shi ba."

"Ina son 'yarka. Ina son ta fiye da yadda zan iya faɗa a ɗakin nan."

"To ai gara da ba ka faɗa ba."

"Ka ce mata ta tafi sau biyu." Wendell ya matsa kusa da shi. "Na zo in ji na uku."

Mai labarin yanayi na ta alƙawarin ƙarin ƙanƙara. A tarihin garin nan an yi sata, an yi faɗa a wurin jana'iza, an taɓa ƙona rumbu saboda iyakar gona, amma ba a taɓa jin wanda ya roƙi tayi da bakinsa ba. Marit ta ji kunya ta rufe ta har wuya. A ƙarƙashin kunyar kuma, Allah Ya yafe mata, ta ji tana addu'a.

Ka faɗa, Baba. Ka faɗa kawai...

Tsohon ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance a cinyarsa kamar na wani. Ya dubi taga, inda gonar da ya noma tun yana saurayi ke kwance fara fat. Leɓensa ya motsa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Marit," ya ce, bai dube ta ba. "Haɗin nan na son juyi."

Ta juya ta koma kicin.

Ta buɗe oben, zafi ya bugi fuskarta, ta gode masa, don ko ba komai ya ba idanunta hujja. Ta juya hatsin daga gefe zuwa tsakiya, daga tsakiya zuwa gefe. Ya fara yin ja, ya yi sheƙi, kyansa ya ba ta haushi. Ta ji takun Wendell a bayanta, ta ji hannayensa a kafaɗunta.

"Tsoro yake ji, Marit. Tsoro ne kawai. A gidan Gunnar akwai jikoki, akwai asibiti kusa. Zai saba."

"Zai saba," ta ce. "Zai zauna a ɗaki mai kyan fenti ya ce komai lafiya, komai daidai, har ranar da za a kira ni a waya."

"Ke kuma fa? Ke ba mutum ba ce? Shekara nawa za ki yi kina..." Ya haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana. Kina jiran ya mutu."

"Ban ce haka ba!"

"Ni na faɗa. Kullum ina faɗa a raina, sannan in kai masa shayi."

Ya juyo da ita, ya riƙe fuskarta da tafukansa masu sanyi. Idanunsa sun yi ja. Mutumin da ke cusa hannu har kafaɗa cikin saniya mai naƙuda ba tare da ya yamutsa fuska ba, ga shi yana kuka saboda 'yar wani manomi mai ƙamshin kanumfari.

"Na koyi lissafinku, ai kin sani. A bakin tafki na roƙe ki ki bi ni, kika ce a'a. Na roƙe ki a mota bayan coci, kika ce a'a. Ban yi fushi ba, na ce al'ada ce." Ya ja numfashi. "Hasken idona, rabin raina... wannan shi ne na uku. Ɗauko rigar sanyinki mu tafi."

Rigar na rataye a bayan ƙofa, hannu kawai za ta miƙa. Ta dube ta sosai. Daga falo ta ji ƙarar cokali ya faɗi ƙasa, sannan ƙugin kujera, Baba na ƙoƙarin sunkuyawa ya ɗauka da kansa, abin da ya san ba zai iya ba.

"A'a, Wendell."

"Marit..."

"Ka san ma'anarsa. Kai ka ce ka koya."

Ya sake ta a hankali. Ta zare zoben ta sa masa a aljihun riga, ta ɓalla maɓallin don kada ya faɗi a hanya. Sannan ta jawo gwangwani ta cika shi da haɗin da zafinsa ta danne murfin. Ta san ba a rufe shi da zafi, kafin Wendell ya fita jihar haɗin zai yi laushi ya cure wuri ɗaya. Ba ta da lokacin da za ta jira ya huce.

"Ga guzuri."

Ya karɓa nan take, ɗan Louisiana. Ya sumbaci goshinta, ya leƙa falo ya ce, "Sai wata rana, Baba," aka ce masa ya kula da kwanar gada, akwai santsi. Ƙofa ta buɗe, sanyi ya shigo, ƙofa ta rufe.

Marit ta kashe oben. Ta zuba ɗan haɗin a ƙaramin kwano ta kai falo, ta ɗauke cokalin daga ƙasa ta goge. Baba ya juya kujerarsa yana fuskantar taga. Tare suka kalli motar tana rarrafe a kan farin titi, ta wuce akwatin wasiƙu, ta wuce rumbun maƙwabta, ta sha kwanar coci ta ɓace.

Sai a lokacin ya yi gyaran murya.

"'Yar nan... ki tafi. Ki bi shi."

Wayarta na kan tebur, tsakaninsu. Kira ɗaya ya isa, bai ko kai gada ba. Ta dubi wayar. Da ta ɗago sai ta ga shi ma ita yake kallo, hannunsa mai lafiya ya damƙe hannun kujera har jijiyoyin sun fito, ya daina numfashi gaba ɗaya.

"A'a, Baba," ta ce.

Ya saki numfashin, dogo. Ta ji shi, shi ma ya san ta ji. Fuskarsa ta karye, ɓarin da ke iya kuka ya fara kuka, ɗaya ɓarin yana nan yadda yake.

Ta jawo kujera kusa da shi ta zauna, ta share masa gefen baki da bakin rigarta.

"Hura tukuna," ta ce, tana miƙa masa kwanon. "Da zafi."