Allon Gwajin Idon Malam

Shekarar da aka bar fam aka koma naira, Ummulkhairi ta ja wa mahaifinta, Malam Uthman na Kusada, sanda zuwa asibitin Kankia. Can ta fara ganin Nata'ala, saurayin da ya koyo gwajin ido a Kano. Ya gaishe su, ta amsa ciki-ciki, tana satar kallonsa.

Aka shiga da Malam wurin Nata'ala, ita ta tsaya bayan ƙofa tana saurare.

"Allah gafarta Malam, mi kake gani kan allon nan?"

Shiru. Ya canza gilashi, shiru. Har gilasan akwatin suka ƙare Malam bai ce uffan ba.

"Sai haƙuri," in ji Nata'ala. "Idon nan ya fi ƙarfin tabarau."

To, shi so ina ruwansa? Kafin wata ya zagayo babur ɗin Nata'ala ya san hanyar Kusada, har manyansa suka zo tambaya. Malam ya ce a'a ƙiri-ƙiri.

"Ita ke karanta mini littattafaina. Ya ce na makance, kuma ya zo ɗauke sauran idon?"

Abinci ya gagari Ummulkhairi. Ga Ɗanmaliki maƙwabcinsu, kullum yana tuna wa Malam cewa in shi aka ba aurenta, katanga ɗaya ce tsakani. Malam bai tilasta mata ba, amma ita ma ba ta iya tafiya Kankia ta bar shi da littafi a rufe. Tana son Nata'ala, tana tsoron rasa shi.

"Ummuna, ko in haƙura?" Nata'ala ya tambaye ta wata la'asar.

"Ka haƙura ka bar ni da wa, mai tabarau? Wai ma mi ke rubuce kan allon nan naka?"

"A, B, C mana."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam bai taɓa boko ba! Mutumin da gari ke ɗaukar karatu gabansa, ka zaci zai ce wa yaro bai san baƙaƙen boko ba?"

Nan take Nata'ala ya gane kuskurensa.

Ta wanke allo, ta jiƙa tawada, ta rubuta baƙaƙen Larabci, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Washegari da hantsi Nata'ala ya durƙusa a zaure da akwatinsa, ya nemi gafara. Malam ya daɗe yana jan carbi, kafin ya ce, "Kawo."

Gilashin farko, ba komai. Na biyu, ba komai. Allon na rawa a hannun Ummulkhairi. Aka sa wani mai kauri.

"Alif," in ji Malam. "Jim. Dal. Riƙe allon da kyau, ke!"

Ƙananan dai sun gagara. Nata'ala ya ba shi madubin ƙara girman rubutu, ya matsar masa da buzu bakin ƙofa inda haske yake. Malam ya karanta layi guda daga littafinsa, a hankali, da kansa.

Sannan ya ɗago ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Subhanallahi. Ummulkhairi, ni na ramar da ke haka?"

Ta fashe da kuka.

"Yaro, ce wa manyanka su dawo."

Bayan an shigar da gero aka ɗaura aure. Ranar tafiya Malam ya raka ta har bakin mota, sanye da tabarau, ba mai ja masa sanda.

"Je ki, uwata, na yafe miki. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu jin ƙanku."